Tarihin Marigayi Jori Hamani da Aikinsa na Sasanta Ƙasashe

Garin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, a bakin tabkin nan da ya yi suna saboda kifinsa da kuma kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi. Ruwan da ke raya fadamun wannan yanki ba a nan yake tasowa ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake gangarowa, ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkata ya koma Nijeriya. Yadda ruwan yake haka mutanen suke. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu su ne suka kafa sarautar Maraɗi wajen shekara ta 1819, kuma har yau da wuya a sami gida a ƙasar Madarumfa wanda ba shi da dangi a Jibiya ko Katsina. Iyakar da ta ratsa tsakaninsu Faransawa da Ingilishi suka shata ta a kan takarda, suka zo suka kakkafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, turakun nan da Hausawan bakin iyaka ke kira tangaraho.

Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri ba ya bukatar a karanta masa cewa zaman lafiyarsa a ɗaure yake da na maƙwabcinsa. Idan aka rufe hanyar Ɗan Isa, kasuwarsa ta mutu. Idan fitina ta tashi a ƙasar Katsina, a ƙofarsa ƴan gudun hijira za su kwana. Shugaban Jamhuriyar Nijar na farko, marigayi Jori Hamani, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Diori, a kan wannan sani ya gina hulɗarsa da ƙasashen waje. Ya fara da koyar da yara a Yamai da Maraɗi, ya kai ga shiga tsakanin shugabannin da ke yaƙi da juna. Tarihinsa yana nuna abin da ƙasa marar ƙarfin soja za ta iya yi domin tsare kanta, yana kuma nuna inda ƙarfin wannan dabara ya tsaya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jori Hamani ran 6 ga watan Yuni 1916 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai a bakin kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara. Bazabarme ne, mahaifinsa kuwa ma'aikacin lafiya ne a ƙarƙashin mulkin Faransawa. A wancan zamani yaran da ke shiga lakol kaɗan ne ƙwarai, babu kuma makarantar gaba a cikin ƙasa. Saboda haka aka tura shi Porto-Nobo ta ƙasar Dahome, daga can ya wuce makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti a Senegal. Wannan makaranta ita ce ke tara zaɓaɓɓun yara daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Ta cikinta Hufuwet Buwanyi na Kodibuwa ya bi, da Modibo Keita na Mali, da Uber Maga na Dahome, wanda tsaran Jori ne. Mutanen da daga baya za su zauna a matsayin shugabannin ƙasashe, tun suna samari wasunsu suka san halin juna.

A shekara ta 1936 ya fara aikin koyarwa, a Yamai da kuma Maraɗi. A lokacin garin Maraɗi yana cikin fadama, domin sai bayan ambaliyar 1945 aka tayar da shi zuwa kan tudu. Duk mai ido yana ganin inda arzikin ƙasar ya fuskanta. Gujiyar da manoma suka noma kudu take nufa, ta Jibiya da Katsina, zuwa bakin jirgin ƙasa a Kano. Sule da kwabo na Ingilishi suna yawo a kasuwanni tare da kuɗin Faransa. Malamin lakol da ya zo daga yamma ya iske jama'ar da gwamnarsu ke Yamai, amma kasuwarsu da malamansu da surukansu suna Katsina da Kano.

A 1938 aka kai shi Faris domin ya koyar da Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke horon Turawan da za a turo mulki a Afirka. Nan ya ga yadda masu mulkin ke tunani da yadda suke magana tsakaninsu. Bayan ya komo gida ya ci gaba da koyarwa, har ya riƙe lakol ɗin Filinge.

Shigarsa siyasa

Da aka gama yaƙin duniya na biyu, Faransa ta yarda ƙasashen da take mulka su aika wakilai majalisarta. A 1946 Jori yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako cikin watan Oktoba na wannan shekara. A watan Nuwamba aka zaɓe shi wakilin Nijar a majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓen 1951, ya koma aji, ya sake cin kujerar a 1956, a 1957 kuma ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar.

Babban abokin hamayyarsa ɗan garinsu ne, Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, wadda ke da ƙarfi a garuruwan gabas kamar Maraɗi da Damagaram, musamman tsakanin ƴan kasuwa ƙanana da direbobi da lebura. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo ya kira jama'a su ƙi tayin Janar Digol su karɓi ƴancin kai nan take. Jori da Bubu Hama da yawancin sarakuna suka zaɓi a zauna tare da Faransa tukuna, hukumar Turawa kuma ta sa nauyinta duka a gefensu. Masu yarda suka rinjaya. A watan Disamba 1958 Jori ya zama shugaban gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba. Nijar ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 20 ga Satumba, Jori kuwa ya zama shugaban ƙasa.

Ƙasa mai maƙwabta bakwai

Ƙasar da ya karɓa tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, da mutane wajen miliyan 3, da maƙwabta bakwai: Aljeriya, Libiya, Cadi, Nijeriya, Dahome, Hot-Bolta da Mali. Ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa. Rundunar sojanta sai a 1961 aka kafa ta, ƴar ƙarama ce kuma, ba za ta iya gadin irin waɗannan iyakoki ba ko da an jera ta mutum ɗaya ɗaya. Duk buhun gujiya da za a fitar da duk gangar mai da za a shigo da ita sai sun bi ta ƙasar wani, ko ta Kano zuwa Ikko, ko ta Paraku zuwa Kwatano.

Jori ya dogara ga abu biyu. Na farko yarjejeniyar tsaro da ya sa wa hannu da Faransa a watan Afrilu 1961, wadda ta bar sojojin Faransa a Yamai. Na biyu kuma, wanda ya fi ba da ƙarfi gare shi, shi ne ɗaure maƙwabta da alkawura, ta yadda kowace rigima za ta iske wurin zama a shirye tun kafin ta tashi. Tun a watan Mayu 1959 ya shiga Majalisar Antanti tare da Kodibuwa da Hot-Bolta da Dahome. A watan Mayu 1963 Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa. A watan Oktoba na wannan shekara ƙasashen da kogin Isa da rassansa suka ratsa suka taru a Yamai, suka soke dokokin da Turawa suka ɗora wa kogin tun taron Balin na 1885, suka yi nasu. A 1964 aka kafa hukumar kogin, da mazauninta a Yamai. Ran 22 ga Mayu 1964 kuma, a birnin For-Lami wanda yanzu ake kira Njamena, Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tabkin Cadi.

Amma alkawari a kan takarda bai hana shi tuntuɓe ba. A cikin kogin Isa, kusa da Gaya, akwai tsibirin Lete, inda Fulanin Nijar ke kiwo, mutanen Dahome kuma ke noma, kowace ƙasa tana cewa nata ne. Da aka tumɓuke Uber Maga a watan Oktoba 1963, zumuncin da ke danne maganar ya tafi tare da shi. A ƙarshen shekarar gwamnatin Jori ta kori ƴan Dahome masu yawa da ke aiki a Nijar, ciki har da malaman lakol da akawuna waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Dahome ta rufe hanyar Kwatano, kayan Nijar suka tsaya a tashar jirgin ruwa, sojoji suka matso bakin kogi daga gefe biyu. Korar nan kuskure ce, ta jawo wa ofisoshi da makarantu naƙasa, ta kuma nuna cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta iya yin fushi da mai riƙe da ƙofarta. A watan Janairu 1965, a Yamusukuro, da sa bakin Hufuwet Buwanyi, aka amince mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da cin moriyar tsibirin tare. Maganar ta kwanta shekara 40 ba tare da yaƙi ba, har ran 12 ga Yuli 2005 da kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar tsibirin Lete.

Yaƙin Biyafara da taron Yamai

Babbar jarrabawar Jori daga kudu ta zo. A watan Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin wannan shekara aka sake yin juyin mulki, aka kuma kashe Inyamurai masu yawa a garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida. Ran 30 ga Mayu 1967 Kanar Ojukwu ya ce yankin gabas ya ɓalle ya zama ƙasar Biyafara. A watan Yuli yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da gwamnatin tarayya ta Yakubu Gawon.

Ga Nijar wannan ba yaƙin nesa ba ne. Iyakarta da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500, yawancin jama'arta kuma a gefen wannan iyaka suke zaune, daga Gaya zuwa Ƙonni, Madarumfa, Magarya, har bakin tabkin Cadi. Idan Nijeriya ta tarwatse, hanyar gujiya ta yanke, babu kuma wanda ya san ƙasashe nawa za su fito daga cikinta, ko irin sojojin da za su tsaya a Jibiya. Akwai kuma wani abin tsoro. Nijar ita ma taron al'ummomi ce: Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Abzinawa, Barebari, Tubawa da sauransu. Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta riga ta yanke a Alƙahira a 1964 cewa kowace ƙasa ta riƙe iyakokin da ta gada ranar ƴancinta, ba don iyakokin suna da kyau ba, sai don warware ɗaya zai buɗe ƙofar warware saura. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jori ya tsaya a kan cewa Nijeriya ta zauna ƙasa ɗaya.

Wannan matsayi yana da tsada. Hufuwet Buwanyi, wanda shi ne babban yayansa a siyasa tun kafa RDA, ya karkata ga Biyafara, har Kodibuwa ta amince da ita a matsayin ƙasa a watan Mayu 1968, kamar yadda Tanzaniya da Gabon da Zambiya suka yi. Janar Digol ma can zuciyarsa take. Faransa kuwa ita ce ke cike giɓin kasafin kuɗin Nijar, ita ke sayen gujiyarta, sojojinta ne kuma a Yamai. Shugaban da ke cikin irin wannan hali, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya bi iyayen gidansa ko ya yi shiru. Jori bai yi ko ɗaya ba.

A taron Kinshasa na watan Satumba 1967, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta naɗa shugabanni shida su nemi hanyar sulhu: Sarkin Habasha Haile Selasiye a kan gaba, da shugabannin Laberiya, Gana, Kwango, Kamaru da Nijar. A watan Nuwamba Jori yana cikin waɗanda suka je Ikko suka gana da Gawon. Amma mutanen Biyafara ba su yarda da kwamitin ba, domin suna ganin ya riga ya yanke hukunci kafin ya ji ta bakinsu. A watan Mayu 1968 aka yi wani zama a Kampala, aka watse ba a cim ma kome ba. A wannan lokaci sojojin tarayya sun kama Fatakwal, sun raba Biyafara da teku, yunwa kuma ta fara cin yara, hotunansu suna yawo a jaridun duniya.

Cikin wannan hali kwamitin ya taru a Yamai a tsakiyar watan Yuli 1968. Janar Gawon ya zo ya faɗi matsayin gwamnatinsa. Sai kwamitin ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya gayyaci Ojukwu. Ojukwu ya fito daga cikin yankin da aka yi wa zobe, ya sauka a Yamai, ya yi wa shugabannin bayani da bakinsa. Mutanen biyu ba su haɗu ido da ido ba, domin Gawon ya koma gida kafin abokin gabarsa ya iso. Duk da haka kowannensu ya bar wakilai, wakilan kuma suka zauna ɗaki ɗaya har wajen mako guda, Jori yana shugabantar zaman.

Abin da ya sa wannan zama ya yiwu a Yamai shi ne matsayin mai masaukin. Gwamnatin tarayya ta amince da shi domin ta san bai yarda da raba ƙasa ba. Mutanen Biyafara kuma sun san aminin Hufuwet ne, wanda ba zai bari a wulaƙanta baƙonsa ba. Ƙasarsa ba ta da man fetur da take nema a kudu, ba ta da rundunar da za ta tsoratar da kowa. Rashin ƙarfin nan shi ya zama jarinsa.

Magana mafi zafi ita ce hanyar kai abinci ga masu yunwa. Gwamnatin tarayya ta fi son a bi ta ƙasa, ta yankin da ke hannunta, domin tana tsoron jiragen sama su shigar da makamai da sunan abinci. Biyafara ta fi son jiragen, domin tana tsoron hanyar da aka buɗe wa motocin abinci ta zama hanyar motocin yaƙi. Kowane gefe yana da dalilinsa, yara kuwa suna mutuwa. Ba a warware wannan ba. Abin da aka samu a Yamai shi ne amincewa a kan abubuwa uku da za a tattauna a Adis Ababa: yadda za a yi sulhu mai ɗorewa, sharuɗɗan tsayar da yaƙi, da hanyar kai agaji. Ran 31 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan an tashi, gwamnatin Faransa ta fito fili ta goyi bayan mutanen Biyafara su zaɓi makomarsu, makamai kuma suka ƙaru ta Gabon da Kodibuwa. Taron Adis Ababa ya buɗe a farkon Agusta, ya ja har makonni, ya watse hannu wofi.

Gaskiyar magana ita ce taron Yamai bai tsayar da yaƙin ba. Sai a watan Janairu 1970 aka gama, bayan Ojukwu ya fice zuwa Kodibuwa, mataimakinsa kuma ya miƙa wuya. Waɗanda suka mutu ana ƙiyasta sun kai miliyan guda ko fiye, yunwa ce ta kashe yawancinsu. Amma tsayuwar Jori ta tsare wa Nijar abin da ya fi kome muhimmanci gare ta. Cikin watanni 30 na yaƙi iyakar kudu ba ta zama fagen fama ba, fatake da dangi suka ci gaba da ƙetarawa ta Ɗan Isa, Nijeriya kuma ta fito daga yaƙin tana ganin Nijar a matsayin maƙwabcin da bai juya mata baya ba ranar wuya.

Sauran ayyukansa na waje

A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, da mazauninta a Yamai. Daga wannan zumunci wutar lantarkin Kainji ta iso Yamai a 1976. A ƙarƙashin wannan hukuma kuma aka sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yadda za a raba ruwan gulaben da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, gulbin Maraɗi yana ciki. A wannan tsakanin aka gina madatsar ruwa a Jibiya, abin da ya sa yawan ruwan da ke isowa fadamun Madarumfa ya zama maganar gwamnatoci biyu. Mai garka a bakin gulbi yana iya rasa sanin sunan hukumar, amma can ne ake kai ƙararsa.

Ta gabas ma ya yi aiki. A 1971 Cadi ta yanke hulɗa da Libiya, shugaba Tombalbay yana zargin Kanar Gaddafi da hannu a yunƙurin kifar da shi. Jori ya shiga tsakani, a watan Afrilu 1972 ƙasashen biyu suka mayar da hulɗarsu. Ya shugabanci ƙungiyar OCAM ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci shekaru da dama, ya kuma zagaya manyan biranen Turai yana nema wa amfanin gonar Afirka farashi mai kyau kafin a sabunta yarjejeniyar Yawunde a 1969. Shi da Sengor na Senegal da Burgiba na Tunisiya suka matsa a kafa ƙungiyar ƙasashe masu aiki da Faransanci. A Yamai aka kafa ta ran 20 ga Maris 1970, da sa hannun ƙasashe 21. A nan ma sai da ya sasanta gwamnatin Kanada da Faransa a kan kujerar da za a ba lardin Kebek. Amfanin da ya nema a ciki shi ne ƙarin abokai, domin kada Nijar ta rataya ga hannu ɗaya. Kanada ce ta ba da kuɗin hanyar kwalta da ta nufi Ngigmi a gabas mai nisa.

Cikin gida

Mutumin da ya iya sauraron abokan gaba a waje bai ba abokan hamayyarsa na gida wannan dama ba. Tun daga 1959 jam'iyya ɗaya ce a ƙasa. A ƙarshen 1964 ƴan Sawaba da ke gudun hijira suka shigo da makamai ta iyakokin kudu da yamma. Aka murƙushe su da tsanani, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka tsare mutane masu yawa, garuruwan bakin iyaka kuma suka sha bincike da tsoro. A watan Afrilu 1965 aka jefa gurneti kusa da shi a filin idi na Yamai, Allah ya kuɓutar da shi. A zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ne ɗan takara. Manyan gwamnati kusan su ne dai tun ranar ƴanci, talaka kuwa ba shi da ƙofar da zai kai kukansa sai ta hannun jam'iyya.

Sai fari ya zo. Daga 1968 damina ta fara gazawa, a 1973 abin ya kai maƙura. Dabbobi suka ƙare, makiyaya da manoman arewa suka kwararo kudu, wasu suka yada zango a gefen Maraɗi da Damagaram, wasu suka ƙetare zuwa Katsina da Kano. Jori ya yi abin da ya saba. Ya kai kuka ga ƙasashen duniya, a watan Satumba 1973 kuma shi da shugabannin Sahel biyar suka kafa kwamitin yaƙi da fari a Wagadugu. Agaji ya zo, amma aka yi ta zargin cewa wasu manya suna ɓoye hatsin suna sayarwa, haraji kuma bai sauka daga kan talaka da wuri ba. Ƴan makaranta suka shiga yajin karatu. A farkon 1974 yana cikin ja-in-ja da Faransa a kan farashin yuraniyom na Arlit, ya kuma ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya wadda manyan sojojinsa ba su so ba.

Ran 15 ga Afrilu 1974, da dare, sojoji a ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da gwamnatinsa. An kashe uwargidansa Hajiya A'isa a cikin fada. Shugaban Faransa Pompidu ya rasu makonni biyu kafin haka, sojojin Faransa da ke Yamai kuma ba su fito daga barikinsu ba. Yarjejeniyar 1961 ba ta yi masa rana ba, ƙungiyoyin da ya kafa su ma ba su da abin yi, domin an gina su ne don rigimar ƙasa da ƙasa, ba don rigimar shugaba da jama'arsa ba. An tsare shi a Damagaram har 1980, sa'an nan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Bayan rasuwar Kunce a 1987, Janar Ali Shaibu ya sake shi sarai. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ran 23 ga Afrilu 1989, yana da shekara 72. Sunansa ne filin jirgin saman Yamai ke ɗauke da shi.

Abin da ya bari

Ba dukan abin da ya gina ba ne ya tsaya. An rushe OCAM a 1985. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar masu Faransanci da aka haifa a Yamai. Amma hukumomin da aka kafa a kan ruwa da iyaka sun fi daɗewa. Hukumar kogin Isa, wadda aka faɗaɗa aikinta a 1980, tana nan a Yamai da ƙasashe tara. A ƙarƙashin hukumar tabkin Cadi aka tsara rundunar haɗin gwiwa da ta yaƙi Boko Haram daga 2015. Sunan da Nijar ta yi na mai shiga tsakani ya bi waɗanda suka zo bayansa: ta zauna a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1980 da 1981, ta sake zama a 2020 da 2021, Ide Umaru kuma ya riƙe sakatariyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989.

Mutanen Madarumfa sun sake ganin gaskiyar lissafinsa da idonsu. A 2019 dubban mutane da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo jihar Maraɗi, ƙauyukan bakin iyaka suka raba hatsinsu da su. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa watan Maris 2024, kowane karo kuma masu ƙaramin ƙarfi na gefe biyu su suka fi jin jiki. Ma'aikacin da aka turo aiki wannan yanki, ko ɗan dwan ne, ko jandarma, ko malamin gona, yana da darasi biyu a tarihin Jori Hamani. Ƙasar da ke tsakanin maƙwabta bakwai ba ta da katangar da ta fi yardar maƙwabtan nan, yarda kuwa tun kafin ranar rigima ake nemanta. Sa'an nan sulhun da aka ƙulla a waje ba ya riƙe gwamnatin da ta daina jin kukan mai jin yunwa a gida. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya zaunar da ƙasashen nan lafiya.